Mutumin da Ba Ya Gaisuwa a Kan Keke

Kuma don Allah kar wanda ya sake ce mini wai tsufa ne ya sa mota ta buge Baba Cyprian, ko wai idonsa ne ya fara rauni. Mutumin da yake zura zare a allura yana kallon fuskarka yana yi maka faɗa, shi ne bai ga mota ba? Ni ina wurin. A ƙofar gidanmu aka yi, nan Fagge, ina tsaye da tsintsiya a hannu. Gaisuwa ce ta ja masa, ba wani abu ba. Na gaji da maimaita wa mutane, shi ya sa na ce bari in rubuta in huta. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa.

Ni ce Sa'adiya, 'yar Malam Wali. In ka taso daga Sabon Gari za ka Kantin Kwari, gidanmu na bakin titi a hannun hagunka, mai zaure da dakali. Aurena na fari ya mutu, na dawo gida ina ɗinkin kayan yara da keken ɗinkin da Inna ta bar mini. Babana kuwa tun ina rarrafe nake ganinsa a wuri ɗaya, kan tabarma a bakin zaure, da butarsa da littattafansa, mutane na zuwa ɗaukar karatu ko a raba musu gardama.

Shi Baba Cyprian Ibo ne, gidansa na Sabon Gari, aikinsa gyaran keken ɗinki. Tun yana saurayi ya zo Kano. Duk telan da ke Fagge ya san shi, kuma duk ya sha zagi a wurinsa. Gajere ne, baƙi, da furfura a gefen kunne, kullum cikin wandon kaki ya ɗaure ƙafar wandon da roba kar sarƙa ta kama. Kekensa na hawa Rali ne baƙi, tsoho, da akwatin ƙarfe a ɗaure a baya, cike da sukudireba da bel da allurai da 'yar kwalbar mai. Ba ya shiga shago ya ce sannu da aiki. Daga bakin ƙofa zai tsaya ya saurari kukan keken ɗinkin, sai ya ce, "Wane mugu ne ya zuba wa wannan baiwar Allah man gyaɗa?" Ni ma ya taɓa yi mini. Na ce masa man keke ya ƙare ne. Ya ce, "To ki ƙara mata albasa da yaji mana, Sadiya, mu ci gaba ɗaya."

Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka yanke masa cibi, sai dai sunana da ya kasa har yau. Sadiya yake cewa.

Abin da ya haɗa shi da babana ya wuce gyaran keke. Shekarar tashin hankali, sittin da shida, ina 'yar budurwa, na ga an shigo da shi gidanmu an kai shi ɗakin da muke ajiye hatsi, an ce mu yara duk wanda ya buɗe baki zai gamu da Baba. Bayan abu ya ɗan lafa Baba ya sa masa babbar rigarsa da hula, ya raka shi tashar jirgin ƙasa da ƙafa. Iyalinsa sun riga sun tafi. Kekensa na hawa ne ba yadda za a yi da shi, ya bar shi a zaurenmu.

Babana bai iya hawa keke ba, har gobe. Amma ya sa igiya ya rataye shi a azarar zaure, duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya sauke shi, ya goge, ya juya feda da hannu, ya ɗiga mai, ya mayar. Mutane sun yi ta cewa ya sayar, mai shi ba zai dawo ba, wa ya san ma ko yana da rai. Baba ya ci gaba da goge abinsa. Har aka gama yaƙin basasa, wata rana da hantsi sai ga wani ƙashi da rai a bakin zaure yana sallama. Ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ya dawo da matarsa, Mama Bridget, da 'yarsu Adaeze. Ɗansu namiji, Ifeanyi, bai dawo ba, kuma ban taɓa jin an tambaya ba. Baba ya miƙe ya kwance igiya ya sauke keken, ya ce, "Tayar baya tana sace iska, ka duba." Maganar da suka yi a kai ke nan.

Tun daga ranar Baba Cyprian bai taɓa wuce ƙofar gidanmu a kan keke ba. Kun san dai yadda ake yi, ba a gaida babba daga kan abin hawa, sai ka sauka. Amma yanzu wa yake yi? Samari ɗaga hannu suke yi suna wucewa, wani ma ƙararrawa zai kaɗa maka ya ce ya gaishe ka. Shi kuwa kullum safiya, in ya fito daga Sabon Gari, yana zuwa daidai dakalinmu zai kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, ya ja birki, ya wurga ƙafar dama ta baya, ya dire da ta hagu, ya cire hula ya russuna.

"Malam, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Cyprian. Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ka."

"Madalla. A sauka lafiya."

Shi ke nan fa. Ba hira, ba zama. Ya tura keken gaba kaɗan sai ya wuce tabarmar, sannan ya hau. A lokacin ana tuƙi ta hannun hagu, to kun ga gidanmu a gefensa yake, yana direwa ƙafarsa na sauka a bakin tabarmar Baba. Ba ruwansa da titi.

Sai aka yi canjin hannu a saba'in da biyu. Rediyo ta ishe mu, dama dama, kowa ya koma dama. Baba Cyprian ya koma dama kamar kowa, don shi mutum ne mai bin doka har ya ba ka haushi. Sai gidanmu ya koma tsallaken titi. Kansa ya san an canza, ƙafarsa ce ba ta ji sanarwar ba. Yana hango Baba sai keken ya karkata hagu da kansa, ya ja birki, ya dire da ƙafar hagu kamar yadda ya saba. Da can gefen hanya ne wurin. Yanzu tsakiyar titi ne. Daga nan ya tura keken ya ƙaraso ya russuna.

Da farko ba wanda ya damu, don motocin ba yawa. Wadda za ta zo tun daga nesa ka ji ta, direban ma ya san shi, ya rage gudu ya ɗaga masa hannu. Sai kuɗin fetur ya shigo gari. Aka ba ma'aikata ƙarin albashin Udoji, masinja ya sayi babur, akawu ya sayi mota, wanda jiya a ƙafa yake zuwa ofis yau ga shi a bayan sitiyari yana neman inda birki yake. Manyan motoci na ta shigo da atamfa Kwari, na siminti na wucewa, ana haƙa nan ana rushe can. Titinmu da akuya ke kwanciya a tsakiya ya koma sai ka yi addu'a kafin ka tsallaka. Na faɗa masa ya fi a ƙirga. Na ce, "Baba Cyprian, wannan saukar taka a tsakiyar titi, wata rana za a kwashe ka." Ya ce, "Ke dai je ki share ƙurar da ke cikin kekenki."

Ranar da abin ya faru da safe ne, ina sharar bakin zaure, Baba na kan tabarma. Na ji ƙararrawa. Na ɗaga kai na gan shi ya karkato, ƙafar dama na sama bai gama wurga ta ba, hannunsa ɗaya ya riga ya tafi wajen hula. Sai wata farar Fijo ta taho ta bayansa. Ban ji ƙarar birki ba, don ba a taka ba. Ji na yi ƙum, kamar an yar da buhun gero daga kan soro. Keken ya shige ƙarƙashin motar, shi kuma ya yi sama ya faɗo kusa da kwata. Akwatin ya fashe, allurai da ƙananan kusoshi suka watsu a titi suna ƙyalli. Motar ba ta tsaya ba sai da ta daki tulin yashin da 'yan kwangila suka zube.

Ni ihu na yi, ban san me na ce ba, an ce har da ashar. Kafin ka ce me, teloli sun fito da almakashi a hannu, 'yan dako sun yar da kaya, an zagaye motar. Aka finciko direban. Wallahi yaro ne, bai fi ni ba, da farar riga da lakataya, kujerun motar ko ledar ba a cire ba. Yana ta cewa, "Na danna, na danna," ashe ba birki ba, mai ya danna. Wani ya ɗauke shi da mari, wani na cewa a kawo ashana. Ni ma na kai masa tsintsiya a ka, ba zan ɓoye ba, kuma da za a sake zan ƙara.

Babana ne ya raba. Ban taɓa ganinsa yana gudu ba sai ranar, ba takalmi. Ya ce, "Duk wanda ya ƙara taɓa yaron nan ban yafe ba. Ku ɗauko mini mutumina." Ya durƙusa a kansa. Ƙafar hagu ta juya ta kalli inda bai kamata ba, goshinsa na jini. Ya buɗe ido ya ga Baba, kun san abin da ya ce?

"Malam, an tashi lafiya?"

Baba ya ce, "Yi shiru, don Allah yi shiru."

A motar da ta buge shi aka kai shi asibiti, wani direban tasi ya tuƙa, don shi mai motar ko makulli ya kasa riƙewa. Baba ya so a kira mai ɗori, Mama Bridget ta ce sam, asibiti. Aka naɗe ƙafar da siminti tun daga cinya. Ya daɗe a kwance, damina ta shigo ta fita. Teloli suka yi ta kuka da kekunansu, wani yaro ya fara zagayawa yana gyara, yana ɓata fiye da abin da ya gyara. Da aka fasa simintin ƙafar ta haɗe, amma ta gajarce, gwiwar kuma ba ta lanƙwasuwa sosai.

Ni nake kai musu abinci Sabon Gari wani lokaci, tuwo da miyar kuka, don ya ce abincin asibiti ya kashe masa baki. Ɗaki biyu suke haya a wani gida mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, maƙwabta na ta kiɗa a garmaho. Mama Bridget doguwa ce, tana sayar da garin rogo da busasshen kifi a kasuwa, ba ta da wasa. Wata rana ta ja ni bayan ɗaki ta ce, "Sa'adiya, kin san ya aika a gyara keken?"

Na ce, "Wane keken? Wanda ya naɗe kamar tabarma?"

"Shi. An miƙe shi, an sa sabon wili. Na ce masa mu koma gida, Adaeze ta yi aure a can, akwai gona. Yaƙi ya karɓi ɗana, yanzu garin nan ya karɓi ƙafa, me ya rage? Ya ce shi a nan ya san kan kowane keken ɗinki, a can wa ya sani?" Ta share fuska da bakin zani. "Ni na gaji. Ban hana shi aiki ba, in bai fita ba me za mu ci? Saukar nan ce. Ki gaya wa Malam ya hana shi. Maganarsa kaɗai yake ji."

Na gaya wa Baba. Ya ce zai yi.

Ranar da ya fara fitowa, ina jin ƙararrawa na leƙo. Ga shi nan, a hankali, yana taka feda da ƙafa ɗaya da rabi. Ya karkato hagu, ya ja birki, ya dire a kan gurguwar ƙafar, ya yi tangal-tangal, wata motar haya ta kauce masa da ƙyar direban na zaginsa. Ya ƙaraso yana haki ya cire hula.

Baba ya ce, "Cyprian, zauna." Ya zauna a bakin dakali, karo na farko. "Na ɗauke maka gaisuwar nan. Daga yau in ka zo wucewa ka kaɗa ƙararrawa, na ji, na amsa. Ka wuce abinka."

Ya juya hula a hannu. Ya ce, "Malam, na yi maka wani laifi ne?"

"Wane irin laifi? Ranka nake ji."

"To in wuce ka a zaune, ina sama kana ƙasa, kamar wani ɗan tasha? Mutanen Fagge su ce me? Su ce ga wanda aka rataye wa keke shekara da shekaru, yau ƙararrawa yake kaɗa wa Malam?"

"Ba wanda zai ce."

"Ni zan ce."

Na kasa haƙuri na sa baki. Na ce, "To Baba Cyprian ka riƙa sauka ta dama mana, can gefen hanya, ka tsaya sai motoci sun wuce." Ya kalle ni kamar na ce ya riƙa tafiya da ka. Amma ya gwada, a lungun gefen gidanmu, ina riƙe da akwatin. Sai ya ɗaga ƙafar hagu ya wurga, ita kuma ba ta ɗaguwa. Ta maƙale a sirdi, shi da keken suka zube a jikin katanga. Ya sake, ya sake zubewa. Yara suka fara taruwa, na kore su. Ya karkaɗe wando ya ce, "Kin gani? Ƙafar nan ta fi ki shekaru, ba yau za ki koya mata ba."

Na ce to ya biyo ta lungun baya, ya shigo ta ƙofar mata. Ya ce, "Ta bayan gida? Ni ɓarawo ne?" Ko da ya yarda ma, 'yan kwangila sun haƙe lungun sun tafi sun bar rami, har yau ba su dawo ba.

Sai Baba ya yi tasa dabarar. Ya ce in bai gan shi ba ai ba zai sauka ba. Ya naɗe tabarmarsa ya koma cikin zaure, can ƙurya inda ba a hango shi daga titi. Mutumin da ya shekara nawa yana shan hantsi a waje, ga shi a duhu yana kai littafi kusa da hanci, sauro na cizonsa, masu zuwa karatu na tuntuɓe da buta. Washegari ƙararrawa ta yi ƙara. Na leƙa. Baba Cyprian ya kalli dakali ba kowa, ya karkato hagu, ya dire a tsakiyar titi, ya turo keken har bakin zaure, ya cire hula.

"Salamu alaikum. Malam ba lafiya ne?"

Daga ciki Baba ya yi ajiyar zuciya, irin wadda ban taɓa ji ba. Ya ce, "Lafiya lau, Cyprian. Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ka."

Aka yi kwanaki a haka, ɗaya na ɓuya ɗaya na sauka. Daga baya Baba ya fito da tabarmarsa waje, ya ce in dai za a buge mutum saboda shi, gara yana gani.

To ni ce na ga abin ba mai ƙarewa ba ne. Tsofaffi biyu, kowa na kashe kansa don ya girmama ɗan'uwansa, ba mai sauraron kowa. Yanzu kullum safiya, ina jin ƙararrawa daga nesa nake yar da abin da ke hannuna, in ja mayafi in faɗa titi. In tsaya a tsakiya in ɗaga hannu biyu. Masu Fijo su danna ham, masu babur su zage ni, ni ma in rama, bakina ai ba a ɗinke yake ba. Wani direban babbar mota ya ce mini, "Ke mahaukaciya ce?" Na ce, "Uwarka ce ta haife ni." Sai Baba Cyprian ya dire, ya tsallaka yana ɗingishi, ya russuna, su yi kalmominsu huɗu, in sake tare masa ya koma hannunsa. Bai taɓa ce mini na gode ba. Abin da yake cewa kawai, "Sadiya, mayafinki na jan ƙasa." Amma kekena na ɗinki bai ƙara yin ko tari ba, kuma ban ƙara sayen man keke ba, kwalba nake tsinta a kan dakali.

Mama Bridget ba ta koma gabas ba. In mun haɗu a kasuwa sai ta ƙara mini kifi a kan wanda na saya. Babana ya ce abin da nake yi ba tarbiyya ba ce, mace a tsakiyar titi tana musayar baki da direbobi, amma bai taɓa cewa in daina ba. Motoci kuwa kullum ƙaruwa suke, jiya ma na ga an sauke wasu sababbi fil a wajen kasuwar Singa, an ce har titin za a faɗaɗa a cinye dakalinmu.

Ni kuma na gaji, wallahi na gaji. Maƙogwarona ya dushe, kuma ba zan tsufa a bakin titi ba. Akwai wani mai sayar da yadi a Kwari, Maje, ya turo magabatansa, Baba ya amsa, bayan Sallah za a ɗaura. Mutumin kirki ne, ina so. Gidansa na can Gwammaja, kuma ya riga ya faɗa mini matarsa ba ta fita tare motoci. Na gaya wa teloli wani ya karɓe ni, kowa ya ce ai sai a duba, kowa ya sunkuyar da kai kan ɗinkinsa. Na gaya wa Baba Cyprian zan tashi, ya ce Allah ya sa alheri, zai zo ya daidaita mini keke a sabon gida, ya hau kekensa ya tafi yana taka feda da ƙafa ɗaya da rabi.

Ku da kuka sayi motocin nan, ku da kuke karanta wannan kuna cewa Allah sarki, ranar da na tafi ƙararrawar nan za ta yi ƙara kamar kullum. Wa zai fito ya tare masa titi, kai?